Naɗin fankshin a Emacs: abin da advice-add ya iya, da inda yake ba da ciwon kai

Ka zaɓi jerin kalmomin Hausa a cikin Emacs, manhajar gyaran rubutu, ka buga `M-x sort-lines` (wato ka danna Alt da x, sannan ka rubuta sunan umarnin), sai ka ga ƙofa da ƴaƴa da ɓera da ɗaki duk sun gangara ƙasan zomo, kuma a wannan jerin da na faɗa. Dalili shi ne umarnin yana jera layuka bisa lambar kowane harafi a Unicode. A ƙidayar hexadecimal, mai haɗa lambobi da haruffa, lambar ƙ ita ce 0199, ta ƴ 01B4, ta ɓ 0253, ta ɗ 0257, dukkansu sun wuce ta z nesa ba kusa ba. Ga mai haɗa ƙamus, ko malamin da ke jera sunayen ɗalibai, ko mai fassara a gidan rediyo a nan Damagaram, wannan ba ƙaramin cikas ba ne. Tun da kundin tafiyar da mulki da aka fitar a 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, rubutun Hausa a kwamfuta sai ƙaruwa zai yi, irin wannan matsala kuma za ta riƙa tasowa kullum.

Hanyoyin gyara uku ne. Ka buɗe fayil ɗin Emacs na asali ka canza shi, ranar da ka sabunta manhajar gyaran ya tafi. Ka kwafe fankshin ɗin, wato guntun kod ɗin da ke yin aikin, gaba ɗaya cikin `init.el`, fayil ɗin saitinka, ka sake rubuta shi, sai ka zauna da tsohon kwafi alhali na asali yana ta samun gyare-gyare. Ko kuma ka bar fankshin ɗin yadda yake, ka naɗa ƙaramin naka a kansa, kamar rawani a kan hula: hular tana nan ƙasa ba a taɓa ta ba, in an warware rawanin ta fito yadda take. Wannan hanya ta uku ita ce tsarin da Emacs ke kira advice, kuma ita ce muke dubawa a nan. Hukuncina tun farko: a cikin manhajojin gyaran rubutu da ake amfani da su yau, babu wadda ta ba mai amfani irin wannan iko cikin tsari mai kyau haka, kuma ko dala ba a biya. Amma kayan aiki ne da ya kamata ya zama na ƙarshe da za ka ɗauka, don rabin abin da mutane ke naɗawa akwai saitin da ya riga ya tanadi maganinsa.

Tsari biyu ne a cikin Emacs, kuma mai neman misalai a intanet zai ci karo da duka biyun. Tsohon shi ne `defadvice`, wanda Hans Chalupsky ya rubuta a 1993. Yana da nasa ƙananan kalmomi irin su `ad-do-it` da `ad-get-arg` da `ad-return-value`, kuma sai an kunna naɗin da `ad-activate` ko an sa kalmar `activate` kafin ya fara aiki, wanda shi ne abin da sabon shiga ke yawan mantawa. Sabon tsarin, `nadvice`, na Stefan Monnier ne, ya shigo da Emacs 24.4 a 2014. A cikinsa naɗi fankshin ne kawai irin kowane fankshin, ana iya gwada shi shi kaɗai, ana iya bin sa da abin binciken kuskure. An ƙara `define-advice` a 25.1, sannan a Emacs 30.1 na 2025 aka ayyana `defadvice` a matsayin wanda aka daina yayi. Har yanzu yana aiki, sai dai in ka ga `ad-do-it` a wani misali, ka san tsoho ne, kada ka fara sabon aiki da shi.

Nau'in naɗi goma ne. `:before` da `:after` suna gudana kafin ko bayan na asali, kuma ana watsar da abin da suka mayar. `:override` yana maye gurbin na asali ɗungurungum. `:around` yana karɓar fankshin na asali a matsayin abu na farko da aka miƙa masa, shi ke yanke shawarar ko zai kira shi, da yaushe, da sau nawa. `:filter-args` yana gyara abubuwan da za a miƙa wa na asali, `:filter-return` yana gyara sakamakon da ya fito. Sauran huɗun, `:before-while` da `:before-until` da `:after-while` da `:after-until`, suna duba sakamakon ɗaya kafin su kira ɗayan. Yawancin mutane `:around` kawai suka sani, da shi suke yin komai. Kuskure ne. Duk abin da ƙaramin nau'i zai iya, a ba shi, don kowane nau'i yana rufe ƙofar wani kuskure da `:around` ke bari a buɗe.

Mu koma kan jera kalmomi, don a nan ne za a ga tsarin da kyau. Da farko ana bukatar abin da zai sa ƙ ta zauna bayan k kafin l. Dabarar ita ce a mai da kowane harafi mai ƙugiya zuwa takwaransa haɗe da alamar `~`, wadda lambarta 126 ce, ta wuce ta z mai 122. Ba a taɓa rubutun kansa, a wajen kwatantawa kawai ake yin wannan.

```
(defvar-local rubutun-hausa nil)

(defun hausa-mabudi (s)
  (let ((s (downcase s)))
    (dolist (p '(("ɓ" . "b~") ("ɗ" . "d~")
                 ("ƙ" . "k~") ("ƴ" . "y~")))
      (setq s (string-replace (car p) (cdr p) s)))
    s))

(defun hausa-kwatanta (a b)
  (string< (hausa-mabudi (buffer-substring-no-properties (car a) (cdr a)))
           (hausa-mabudi (buffer-substring-no-properties (car b) (cdr b)))))
```

Yanzu tambayar ita ce a kan wane fankshin za a yi naɗin. `sort-lines` ba shi ne ke yin aikin da kansa ba, yana kiran `sort-subr`, wanda ke karɓar fankshin na kwatantawa a matsayin abu na shida. Abin da zai fara zuwa wa mutum shi ne ya naɗa `sort-subr` ya cusa `hausa-kwatanta` a ciki, shi ke nan ya huta. Kada a yi haka. `sort-subr` na kowa ne: `sort-numeric-fields` ma shi yake kira, kuma a can lambobi ake miƙawa, ba wuraren farko da ƙarshen layi ba. Ranar da ka zo jera makin jarrabawa, `car` zai ci karo da lamba, Emacs ya tsaya da kuskuren `wrong-type-argument`, kai kuma ka riga ka manta ka taɓa wani abu a can. Ƙa'idar da ta fi kowace amfani a wannan fanni ita ce a yi naɗi a kan fankshin mafi kusa da hannun mai amfani, ba a kan wanda ke can ƙasa kowa na dogara da shi ba.

```
(define-advice sort-lines (:before-until (reverse beg end) hausa)
  (when rubutun-hausa
    (save-excursion
      (save-restriction
        (narrow-to-region beg end)
        (goto-char (point-min))
        (sort-subr reverse #'forward-line #'end-of-line
                   nil nil #'hausa-kwatanta)))
    t))
```

Ma'anar `:before-until` ita ce: a fara kiran naɗin, in ya mayar da wani abu da ba `nil` ba an gama, in ya mayar da `nil` sai a kira na asali. Don haka a fayil ɗin Faransanci ko na kod, inda `rubutun-hausa` yake `nil`, umarnin yana aiki kamar ba a taɓa shi ba. A fayil ɗin Hausa kuwa sai ka kunna shi da `M-: (setq rubutun-hausa t)`. Ka lura da `t` ɗin nan na ƙarshe. `sort-subr` yana mayar da `nil` ko da ya yi aikinsa lafiya. In ka manta `t`, naɗin zai jera kalmomin daidai, nan take na asali ya biyo baya ya sake jera su a tsohon tsari, kai kuma ka ga kamar naɗin bai kama ba sam. Ba saƙon kuskure, ba komai. Irin wannan shirun ne ya fi cinye wa mutum lokaci. Wani abin da ya burge ni a nan: naɗin bai faɗi yadda za a karɓi yankin da aka zaɓa ba, amma `M-x sort-lines` da `C-u M-x sort-lines` suna aiki yadda aka saba, saboda in naɗi ba shi da nasa layin `interactive`, ana amfani da na asali. Kod ɗin bai ware sh da ts a matsayin haruffa masu zaman kansu ba. Mai son hakan sai ya ƙara su cikin jerin da irin wannan dabara.

Misali na biyu ya fi nuna iyakar abin. Rubutun da ke zuwa daga Kano ko Katsina ta WhatsApp yakan zo da 'y a inda mu muke rubuta ƴ. Ana iya sa Emacs ya gyara shi a lokacin liƙawa:

```
(define-advice insert-for-yank (:filter-args (args) nijar)
  (if rubutun-hausa
      (cons (string-replace "'y" "ƴ" (car args)) (cdr args))
    args))
```

Abu na farko da ke kayar da mutane a `:filter-args` shi ne yana karɓar jeri guda ɗaya mai ɗauke da dukkan abubuwan da aka miƙa, kuma dole ya mayar da jeri. In ka rubuta `&rest args` kamar yadda ake yi a `:around`, za ka samu jeri cikin jeri. In ka mayar da rubutun tsura ba cikin jeri ba, `apply` zai ƙi. Shi kuma `(cdr args)` yana nan ne don duk wani abu na biyu ko na uku ya wuce ba a taɓa shi ba, ko da wata fitowar Emacs ta ƙara wa fankshin ɗin sabon abu.

Sai matsalar da ba ta Emacs ba ce, ta rubutunmu ce. Takardun Zinder sukan haɗa Hausa da Faransanci a shafi ɗaya, kuma wannan naɗi zai mai da n'y na Faransanci ya koma nƴ. In ka ce sai a farkon kalma za a canza, 'ya'ya zai fito rabi a gyare rabi ba a gyare ba. Ga kuma babban baƙi, 'Y, da ke bukatar nasa layin, ga lanƙwasasshiyar alamar da wayoyi ke sawa mai lamba 2019, wadda ba ɗaya take da ta kibod ba. Shi ya sa sharaɗin `rubutun-hausa` ya zama dole, kuma ko da shi sai an duba da ido. Daga Emacs 29.1 ma akwai `yank-transform-functions`, maratayi (hook, wurin da ake rataya fankshin don Emacs ya kira shi) da aka tanada musamman don gyara abin da ake liƙawa, don haka mai sabuwar fitowa ba ya bukatar wannan naɗin.

Wannan ya kawo mu kan abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Kafin ka rubuta `advice-add`, ka buga `C-h f` ka karanta bayanin fankshin ɗin, sannan ka nemi saiti da `M-x apropos-variable`. Ana ganin mutane suna naɗa `switch-to-buffer` da `other-window` don fayil ya riƙa ajiye kansa saboda ɗaukewar wuta, musamman masu tsofaffin kwamfutocin da batirinsu ya mutu. Bukatar gaskiya ce, lokacin zafi wuta na iya tafiya ana tsakiyar jimla. Amma tun 26.1 akwai `auto-save-visited-mode`, wanda ke ajiye fayil ɗin kansa in ka dakata na daƙiƙa 5, kuma ana canza adadin da `auto-save-visited-interval`. Ko ba shi ma, Emacs yana ajiye kwafin gaggawa mai suna tsakanin alamomin `#` bayan bugun maɓalli 300 ko dakatawar daƙiƙa 30, ana dawo da shi da `M-x recover-this-file`. Haka batun bincike: mai son ya buga kofa a `C-s` ya samu ƙofa ba ya bukatar taɓa `isearch`. Daga 27.1 akwai `char-fold-include`.

```
(require 'char-fold)
(customize-set-variable 'char-fold-include
  (append '((?b "ɓ") (?d "ɗ") (?k "ƙ") (?y "ƴ"))
          char-fold-include))
(setq search-default-mode #'char-fold-to-regexp)
```

Da `customize-set-variable` ake sa shi, ba da `setq` ba, don sai an sake gina teburin haruffan kafin canjin ya kama. Saiti da maratayi alkawari ne da masu kula da Emacs suka ɗauka cewa za su ci gaba da aiki. Naɗi ba alkawarin kowa a kansa sai naka.

Batun cire naɗi shi ne inda sabon tsarin ya yi kyau ƙwarai, muddin ka ba naɗin suna. `define-advice` yana haɗa sunan da kansa, na sama ya zama `sort-lines@hausa`, ana cire shi da `(advice-remove 'sort-lines #'sort-lines@hausa)`. In ka gyara kod ɗin ka sake loda shi da `C-M-x`, sabon yana maye gurbin tsohon. Amma in ka miƙa wa `advice-add` fankshin marar suna, wato `lambda`, ka canza ko harafi ɗaya a ciki ka sake lodawa, Emacs zai ɗauke shi sabon naɗi ya ɗora a kan tsohon. Bayan gyara uku kana da naɗi uku suna gudana a jere, saƙo yana fitowa sau uku, kuma goge layin daga `init.el` ba ya cire komai sai an rufe Emacs an sake buɗewa. Maganin gaggawa:

```
(advice-mapc (lambda (f _) (advice-remove 'sort-lines f))
             'sort-lines)
```

Wannan yana warware duk wani naɗi da ke kan fankshin ɗin, har da wanda wani kunshin ƙarin kod (package) da ka girka ya sa, don haka a yi hattara. A Emacs 30 `advice-remove` ya zama umarnin da ake kira da `M-x`, yana tambayarka wanne za a cire. Gyara ne da ya daɗe da cancantar zuwa. Wani abin yabo kuma, `advice-add` yana karɓar sunan fankshin da ba a loda ba tukuna, ya jira har a loda shi, kuma naɗin yana nan ko an sake bayyana fankshin ɗin daga baya. Ɗan'uwansa `add-function` ba ya yin haka, aikinsa daban ne: na saitunan da ke riƙe da fankshin guda ne, ba na fankshin masu suna ba.

Yanzu inda naɗi ba ya kaiwa, wanda shi ne babban rauninsa, kuma ba ya gaya maka. Zuciyar Emacs da harshen C aka rubuta ta. In ka naɗa fankshin na C, kiran da ya fito daga Lisp (harshen da ake rubuta `init.el` da misalan nan da shi) ne kawai zai bi ta naɗinka, wanda ya fito daga cikin C kai tsaye yake wucewa. Misalin da ya shafe mu: wani zai ce bari ya naɗa `insert` don duk lokacin da ya buga wasu haruffa biyu su koma ƙ. Ba zai yi aiki ba, don bugun harafi yana bi ta `self-insert-command`, wanda ke zuba harafin daga cikin C ba tare da ya kira `insert` na Lisp ba. Bayan haka, `insert` da `point` da `goto-char` da `forward-line` da `car` suna cikin waɗanda ake mayarwa umarnin inji na musamman idan an harhaɗa kod (compile), don haka duk fayil mai ƙarewa da `.elc` ba ya neman su da suna balle ya ga naɗin. Sakamakon shi ne naɗin yana aiki in ka gwada da hannu, ya ƙi aiki a ainihin amfani. Don shigar da haruffa masu ƙugiya, `C-x 8 RET 0199` yana ba da ƙ, mai yawan rubutu kuma ya haɗa ƙaramin tsarin shigarwa da `quail-define-package`. A kibod ɗin AZERTY da ya fi yawa a nan, inda lambobi ke bukatar Shift, na biyun ya fi sauƙi nesa.

Makro da fankshin da aka bayyana da `defsubst` su ma haka ne: an riga an zuba jikinsu cikin kod ɗin da ya kira su tun lokacin harhaɗawa, naɗin da ya zo daga baya ba ya shafar wannan kod. Daga 28.1, da Emacs ya fara harhaɗa Lisp zuwa harshen inji ta hanyar libgccjit, an ƙara wani mataki: in ka naɗa fankshin na C, Emacs yana harhaɗa ɗan ƙaramin fayil na tsani a cikin `eln-cache` don kod ɗin da aka harhaɗa ya ga naɗin. In kayan harhaɗawar ba su cika a kwamfutar ba, kamar yadda yakan faru a Windows, naɗin da ke aiki a kwamfutar abokinka na iya ƙin kamawa a taka alhali `init.el` ɗinku ɗaya ne.

`:around` yana da nasa ramuka guda biyu. Ga yadda ake rubuta shi daidai, don rufe bakin umarnin da ya cika surutu:

```
(defun shiru (asali &rest args)
  (let ((inhibit-message t))
    (apply asali args)))

(advice-add 'recentf-cleanup :around #'shiru)
```

Ramin farko: duk abin da ke layin ƙarshe shi ne sakamakon fankshin ɗin baki ɗaya. In ka ƙara wani layi bayan `apply`, sakamakon na asali ya ɓata, wanda ya kira shi ya karɓi abin da ba nasa ba, kuskuren kuma ya fito a wani wuri mai nisa. A riƙe sakamakon da `prog1`, ko a koma `:after` wanda ke yin hakan da kansa. Na biyu: wasu umarnai suna tambayar `called-interactively-p` don su san ko mutum ne ya kira su da maɓalli ko wani kod ne. In naɗin da ke can ciki `:around` ne, amsar na iya fitowa ba daidai ba, umarnin ya daina nuna saƙo ko ya daina tambaya. Wannan rauni sananne ne, an rubuta shi a cikin fayil ɗin `nadvice.el` kansa. Ana kauce masa da kiran na asali ta `funcall-interactively`, ko da zaɓar wani nau'in naɗi.

Mai naɗa `message` kuma ya kiyaye abu biyu. In ya kira `message` a cikin naɗin, naɗin zai kira kansa har Emacs ya kai iyakar `max-lisp-eval-depth`, wadda take 800 a da, ta koma 1600 a 29. Sannan ana kiran `message` da `nil` don share layin ƙasa, naɗin da ya ɗauka kullum rubutu ne zai zo masa zai faɗi a nan.

In naɗi ya wuce ɗaya a kan fankshin guda, wanda aka sa daga baya shi ke waje. Ana iya tsara su da `depth`, daga -100 na can waje zuwa 100 na can ciki, in ba a faɗa ba 0 ne. Amfaninsa ya fi fitowa a `:override`: in yana waje ya rufe sauran naɗe-naɗen duka, in an ba shi 100 na asali kawai ya maye, sauran suna aiki a kansa. Emacs kansa yana amfani da wannan: `debug-on-entry` naɗin `:before` ne mai zurfin -100, `trace-function` ma naɗi ne. Shi `trace-function` ɗin ya cancanci a san shi, don kafin ka rubuta naɗi yana nuna maka a bafar (shafin rubutu na cikin Emacs) `*trace-output*` ko ana kiran fankshin ɗin ma, da abin da ake miƙa masa, da abin da yake mayarwa. Minti biyu da shi sun isa su nuna maka cewa `insert` ba ta nan bugun harafi ke bi ba. A kashe shi da `untrace-all`.

Idan aka kwatanta da sauran manhajoji, bambancin a fili yake. A Neovim ana iya yin makamancin haka da Lua: ka ajiye tsohon fankshin a wani suna, ka sa naka a gurbinsa. Yana aiki, amma ba wanda ke riƙe lissafi. In ka sake loda saitinka ka naɗa sau biyu, kuma ba hanyar zare naɗin tsakiya a bar na waje. A VS Code ƙarin manhajoji suna gudana a keɓe, suna taɓa abin da aka buɗe musu ƙofarsa kawai, wanda ya sa ba sa saurin lalata editan amma kuma in ba a tanadi abin da kake so ba sai haƙuri. A Emacs `C-h f` yana gaya maka cewa fankshin yana ɗauke da naɗi, da nau'insa, da sunansa. Abin da na ga ya rage shi ne umarni guda da zai jero duk naɗe-naɗen da ke aiki a lokaci ɗaya. Sai mutum ya haɗa da kansa:

```
(mapatoms
 (lambda (s)
   (advice-mapc (lambda (f _) (message "%s: %S" s f)) s)))
```

Sakamakon yana bafar `*Messages*`, kuma wanda ya girka kunshi da yawa zai yi mamakin tsawon jerin.

Fitowar da ke hannunka tana da muhimmanci, tunda ba kowa ke da kuɗin intanet na sauke sabuwa ba, da yawa abin da ya zo da tsarin kwamfutar ko abin da aka kwafo a USB daga wani ɗalibi a Jami'ar André Salifou shi ake amfani da shi. Ubuntu 22.04 yana zuwa da Emacs 27.1, Debian 12 da 28.2, Ubuntu 24.04 da 29.3, Debian 13 da 30.1. `advice-add` da `define-advice` suna aiki a dukkansu. Amma `string-replace` sai daga 28.1, don haka mai 27.1 ya sa `replace-regexp-in-string` a gurbinsa a misalan sama, in ba haka ba zai ga `void-function`. `M-x emacs-version` zai gaya maka inda kake. Cikakken bayanin tsarin yana cikin jagorar Emacs Lisp da ake karantawa ba intanet ta `C-h i`, sai dai a Debian an ware jagorar cikin kunshin `emacs-common-non-dfsg`, sai an girka shi daban. Layin farko na `init.el` kuma ya kasance `;;; -*- lexical-binding: t -*-`, don naɗin da ke riƙe wani abu daga wajen jikinsa ya same shi a lokacin da aka kira shi.

Jagorar ta ja kunnen masu rubuta kunshin da za a raba wa jama'a da su guji naɗi, kuma ina ganin gaskiyarta. Abin da ka naɗa a kwamfutarka kai ka san da shi. In ka ba wani `init.el` naka, ka ba shi Emacs da ke saɓa wa abin da jagora ta faɗa, shi kuma bai san dalili ba. In dole ne a raba, a tara naɗe-naɗen a wuri guda cikin fayil ɗin, kowanne da layin bayani a kansa mai faɗin abin da yake gyarawa da fitowar Emacs da aka gwada shi a kai. Bayan kowane sabuntawa a buɗe `C-h f` a kan fankshin ɗin a duba ko abubuwan da yake karɓa sun canza, musamman ga `:override` da irin `:before-until` na sama da suka kwafi wani ɓangare na aikin asali. In wani abu ya rikice, a buɗe `emacs -Q`, wanda ba ya loda saitinka ko ɗaya: in matsalar ta ɓace, daga wajenka take. In Emacs ya ƙi tashi daidai tun farko, `emacs --debug-init` zai nuna layin da ya tsaya, kuma a cikin jerin kiran da zai fito, ka nemi layin `apply` da sunan da ke ɗauke da alamar `@`.